Wasiƙar da Uriya ya ɗauka da hannunsa

'Yan'uwa a cikin Almasihu, tun daren jiya 2 Sama'ila sura 11 take yi mini yawo a rai, har barci ya gagare ni.

Dawuda ba baƙo ba ne a wurin Allah, shi ya sa labarin yake ba ni tsoro. Lokacin da sarakuna ke fita yaƙi, shi ya zauna a Urushalima. Da yamma ya hau soro, ya hango Batsheba tana wanka. Daga kallo sai tambaya, daga tambaya sai aike, sai ga ciki.

Sai aka shiga neman rufin asiri. Ya kira mijinta Uriya daga bakin daga a Rabba don ya kwana a gida. Uriya ya ƙi, ya ce ba zai ji daɗin gida ba alhali akwatin alkawari da abokan yaƙinsa suna cikin bukkoki. Sarki ya ɗirka masa ruwan inabi har ya bugu, duk da haka bai je wurin matarsa ba. Sai Dawuda ya rubuta wa Yowab, shugaban sojojinsa, cewa a sa Uriya inda yaƙi ya fi zafi, a janye a bar shi. Uriya da kansa ya kai wasiƙar. Nan nake kasa wucewa. Amintaccen bawa yana tafe da takardar mutuwarsa, bai sani ba. Wasu sojojin ma sun rasa ransu tare da shi.

Kada mu ce wannan sai sarakuna. Ma'ajin ikilisiya da ya taɓa kuɗin baiko yana cewa zai mayar ƙarshen wata, magidancin da ke goge saƙon waya kafin ya shiga gida, duk a kan soron nan suke tsaye. Yakubu 1:15 ya ce sha'awa takan yi ciki ta haifi zunubi, shi kuma in ya ƙasaita ya haifi mutuwa.

Da annabi Natan ya ce masa shi ne mutumin da ya aikata wannan mugunta, Dawuda bai kawo hanzari ba. Ya ce ya yi wa Ubangiji zunubi. Nan take aka ce masa an kawar da zunubinsa, ba zai mutu ba. Amma jaririn ya rasu a rana ta 7, takobi kuma ya shiga gidan, ya ci 'ya'yansa Amnon da Absalom. Saboda haka ban yarda da wa'azin da ke mai da zunubi abin wasa ba don akwai gafara. Gafarar nan jinin Ɗan Allah ta ci a kan gicciye.

Da asuba na buɗe Matiyu 1:6. A jerin kakannin Yesu an rubuta cewa Dawuda ya haifi Sulemanu ta wurin wadda dā matar Uriya ce. Ba a ɓoye sunan ba. Ta wannan gida mai tabo Mai Ceto ya zo. Na durƙusa da Zabura 51, addu'ar tuban Dawuda, na faɗa wa Allah abin da na daɗe ina ɓoyewa.