Haihuwa a Makka ba ta mayar da yaro ɗan Saudiyya

Da yawa daga cikin Hausawan Makka da Jidda, har da 'yan uwansu na gida, sun ɗauka duk yaron da aka haifa a ƙasar Saudiyya ya zama ɗan ƙasa. Ba haka dokar take ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1954 jinin uba take bi, ba wurin haihuwa ba. In uba Basaudiye ne, ɗansa ma haka, ko a Kano aka haife shi. In uban baƙo ne, yaron baƙo ne, ko da a gefen Harami aka yanke masa cibiya.

Wanda uwarsa ce kaɗai 'yar ƙasa sai ya cika shekara 18 ya nema, kuma ba dole a ba shi ba. Igama kuwa izinin zama ce kawai, ana sabunta ta, tana kuma iya faɗuwa.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne ganin masu sunan Hausawi, irin su Usama Hausawi da ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙasar a gasar duniya ta 2018. Yawancin irin waɗannan gidaje zuriyar alhazai ne da suka zauna a Hijaz, wato yankin Makka da Madina, tun da daɗewa.

Matsalar tana fitowa ne idan iyaye suka zauna babu takarda, suka haihu ba rajista. Yaron ya tashi babu igama, babu fasfo, makaranta da asibiti su gagare shi. Alhali sashe na 25 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba shi ɗan ƙasanci in ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne. Sai a nemi takardar haihuwa, a kai ta ofishin jakadanci a Jidda ko Riyad.