Mai ciwon daji ba kwanciya kawai yake buƙata ba

Wallahi abin nan yana damuna, da zarar an ce mutum yana da ciwon daji sai 'yan uwa su hana shi ko ɗaga tsintsiya, wai motsa jiki zai ƙarar masa da ƙarfi ko ya sa ciwon ya bazu. Tausayi ne ya kawo haka, don duk wanda ya ga gajiyar da kemo (maganin da ake yi wa mai ciwon daji) ke sakawa dole ya ji tsoro.

Amma gajiyar ciwon daji (kansa) ba irin wadda barci ke kawarwa ba ce, yawan kwanciya ma ƙara ta yake yi saboda tsoka tana saki, ga damuwa da rashin barcin dare. Motsa jiki ba ya baza ciwon, shi ya sa likitocin kansa ke ba da shawarar a kai kamar minti 150 a sati, a hankali.

Misali matar da aka yi wa aikin nono, ta fara da zagaya tsakar gida minti 10 da yamma, gobe ta ƙara kaɗan, ba sai ta je jim ba. In akwai zazzaɓi, jiri, ƙarancin jini ko ciwon ya taɓa ƙashi, to a fara tambayar likita tukuna.