Igiyar dillali ce ke tsara sababbin unguwannin Daura

Jama'a, mu ɗan ajiye maganar Abuja da zaɓen 2027, mu yi maganar lungunmu.

Duk wanda ya san Daura kafin 2015 ya san garin ya buɗe ta kowace kusurwa. An kawo Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, an kawo Jami'ar Sufuri, ga asibitin sojojin sama, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka tsara zai ratsa ta nan. Kowace ɗaya daga cikinsu ta zo da ma'aikata da ɗalibai da 'yan haya, kuma kowannensu yana neman wurin kwana. Gonakin da muka san ana fitar da gero da wake a cikinsu yanzu bulo ake jerawa. Ban ƙi ba, arziki ne. Abin da nake tambaya shi ne, wa ya zauna ya yanke shawarar inda hanya za ta bi a waɗannan sababbin unguwanni, da inda ruwan sama zai fita, da inda za a binne mutane idan sun cika?

A mafi yawan wuraren amsar ita ce dillali, da mai gona, da igiyar awo.

Ga yadda abin yake tafiya, ga wanda bai taɓa gani ba. Mai gona ya rasu, magada sun yi yawa, gonar kuma gari ya cim mata. Sai a kira dillali ya zo da yaransa da fegi. Shi a kan kowane fulotin da aka sayar yake samun la'ada, don haka duk taƙin ƙasar da ya bari a matsayin hanya asara ce a wurinsa. Sai ya yanka hanya iya wucewar Keke Napep, ya matse fulotai, ya sayar. Wanda ya sayi ƙafa 50 da 100 shi ma ya raba biyu ya sayar da rabi don ya samu kuɗin siminti. Mai gini ya ci taku ɗaya cikin hanya don ya fitar da dakali, maƙwabcinsa ya ce ai ba a fi shi wayo ba, ya ci taku biyu ya haƙa sokawe. Babu filin makaranta, babu na maƙabarta, babu wurin zuba shara. Masallaci kaɗai ke tsira, shi ma don wani bawan Allah ya sayi fuloti ya yi waƙafi. Bayan shekara biyar sai ka ji ana neman gudummawar motar yashi a zauren WhatsApp na unguwa saboda ruwa ya shiga ɗakuna.

Kafin a yi wa mai gona hukunci, ya kamata a san abin da ke korarsa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon ƙwace wuri don amfanin jama'a. Idan aka ƙwace, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, wato gini da bishiyoyi da amfanin gona, ba darajar filin a kasuwa ba. To manomin da ya ga gari ya iso bakin gonarsa, ya kuma san idan hukuma ta riga shi za a ƙirga masa kuka da mangwaro ne a sallame shi, me kake tsammanin zai yi? Zai yanka da wuri ya sayar. Hankali ne ya yi masa aiki. Muddin ba a samo hanyar da mai gona zai fita da rabo mai tsoka daga tsararren fili ba, misali a tsara gonar a mayar masa da wani kaso na fulotan, awon igiya ba zai daina ba ko jan fenti nawa aka shafa wa katangu.

Yanzu mu zo kan ƙaramar hukuma, don nan ne bakin zaren.

Da ka ɗaga wannan magana a gaban ɗan siyasar ƙaramar hukuma, amsar da zai ba ka a shirye take: ƙasar cikin gari ta gwamna ce, izinin gini na hukumar tsara birane ta jiha ne, mu ba mu da hurumi. Rabin maganar gaskiya ce. Dokar 1978 ta raba ƙasa gida biyu. Wadda gwamna ya ayyana a matsayin birni tana ƙarƙashinsa kai tsaye, sauran kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallaka ta gargajiya a kanta, har dokar ta ce a kafa kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma. Kotun Ƙoli ma a 2003, a shari'ar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta tabbatar cewa tsara birane aikin jihohi ne. Duk mun yarda.

Amma a buɗe Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 a karanta ɗayan rabin. Gina hanyoyin cikin gari da kula da su, da magudanan ruwa, da fitilun titi, aikin ƙaramar hukuma ne. Maƙabarta tata ce. Kasuwa, tasha, mayanka, bayan gidan jama'a, kwashe shara, duk nata ne. Sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba nata ne. Sa ido kan shaguna da kes-kes, gidajen abinci, gidajen burodi, masu wanki da guga, allunan talla, har da yadda ake ajiye dabbobi a cikin gari, duk an rubuta su baƙi da fari. Wanda ke riƙe da lambatu da maƙabarta da kasuwa da lasisin shago, ta yaya zai ce ba shi da ta cewa a tsarin unguwa? Ko da bai iya ba da takardar fili ba, ai yana iya sayen gona biyu a gefen gari ya killace tun ƙasa tana araha, ya ce wannan maƙabarta ce, wannan filin firamare ne. Yana iya cewa babu lasisin gidan burodi sai an ga inda hayaƙin zai fita. Yana iya rubuta wa hukumar jiha takarda ya ce ga gona ana yankawa a wuri kaza, ku zo yanzu, kada ku bari sai an yi rufi ku zo da katafila.

Irin wannan aiki ba ya da armashi, shi ya sa ba a yin sa. Ba a yanka kyalle a bikin ba gidaje lamba. Babu mawaƙin da zai wasa ciyaman don ya sa an yashe kwalbati a watan Afrilu kafin ruwa ya sauka. Amma ka tambayi duk wanda ya taɓa kwatanta wa motar asibiti gidansa da dare, yana cewa ka wuce injin niƙa, ka karya kwana wajen mai shayi, gida na uku mai baƙin ƙyaure, zai gaya maka amfanin lamba a jikin gida.

Mu ma talakawa da namu laifin, kuma babba ne. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34, kowace mazaɓa da kansilanta, a nan Daura daga Kusugu zuwa Sarkin Yara zuwa Mazoji. Kansilolin nan su ne majalisar da ya kamata ta zauna ta duba kasafin kuɗi ta kuma yi dokokin cikin gida. Mu kuwa me muka mayar da kansila? Wanda ake kai wa katin biki, da takardar magani, da maganar ragon suna. Da asuba zaurensa ya cika, kowa da buƙatar aljihunsa. A cikin masu sammakon nan mutum nawa ne suka taɓa cewa, ranka ya daɗe, yaushe majalisarku za ta zauna, kuma me za ku tattauna? Mutum nawa suka taɓa tambayar nawa aka tara a kasuwa da tasha bara, bayan kullum muna gani ana yankar rasit? Idan ba mu tambaya ba, shi ma ba zai ga dalilin sani ba. Shi ɗan siyasa abin da ake tambayarsa a ƙofar gida shi yake ɗauka aikinsa.

An daɗe ana fakewa da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, ana cewa kuɗin ba sa isowa. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce mulkin kantomomin riƙo ya saɓa wa tsarin mulki. An yi ta murna. Ni abin da ya fi damuna daban ne. A ce gobe kuɗin sun faɗo cif a asusun sakateriya, wane tsari ke ƙasa da za a zuba su a ciki? Idan babu taswirar da ta nuna inda ruwan unguwa ke taruwa da inda zai fita, za a gina lambatu mai kyau na mita ɗari biyu ya je ya juye a ƙofar gidan wani. Mun sha ganin haka.

Maganar ruwa kuma ba wasa ba ce a jihar nan. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 ta ci rayuka da dama a dare ɗaya. Ba na cewa yanayin Daura ɗaya ne da na Jibiya, can akwai kogi. Amma kududdufan da ke cikin tsofaffin garuruwanmu, waɗanda aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, su ne ke shanye ruwan damina tun zamanin kakanni. Yanzu ana cike su da shara, a daddale, a fitar da fuloti. Wanda ya saya ya ga banza, sai Agusta ta zo ruwan ya nemi tsohon mazauninsa. Ya kamata a ce kowace ƙaramar hukuma tana da rajistar kududdufanta, an kafa musu alama, an san ba na sayarwa ba ne. Haka ma burtali. Unguwa ta haɗiye burtali, sannan a yi mamakin shanu a kan kwalta.

Wani abokina ɗan boko ya ce maganin duka a yi irin na Turai, a ware unguwar kwana daban, ta kasuwanci daban. Nan kam na rabu da shi. Wannan tsari idan aka ɗauko shi ɗungurungum, farkon wanda zai kashe ita ce matar da ke tuyar ƙosai a soro, da mai ƙuli-ƙuli, da mai ɗinki a ɗaka, da dattijon da ya fasa katanga ya fitar da ɗan shago yana ciyar da gida. Kaso mai tsoka na tattalin arzikin garin nan a cikin gidaje yake, a hannun mata. Dokar da za ta ce ba sana'a a unguwa ba za ta yi aiki ba, sai dai ta zama hanyar karɓar na goro.

Abin da muke buƙata ya fi haka sauƙi, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Garuruwan Hausa na da sun san a ware maƙera wuri guda saboda wuta da ƙara, a kai majema da marina inda wari da ruwan baba ba za su dami mutane ba, a fitar da mahauta gefe. Ma'aunin shi ne cutarwa, kuma shi ne ma'aunin shari'a: ba cuta, ba cutarwa. Har faɗin hanya akwai hadisi ingantacce a kai, cewa idan an yi saɓani a sanya ta zira'i bakwai, kuma wannan a zamanin raƙumi da jaki ne, ba zamanin tifa da tankar ruwa ba. To a bi wannan ma'auni. Mai ƙosai ba ta cutar da kowa. Amma mai sayar da gas ɗin girki da ya jera tukwane a shagon da ke jingine da ɗakin kwanan yara, kusa da mai walda, wannan fa? Lasisin gas na NMDPRA ne, hukumar tarayya mai sa ido kan harkar mai da gas, na sani, amma shagon da yake ciki ai ƙaramar hukuma ce ke karɓar kuɗinsa. Injin niƙa da ke girgiza katangar maƙwabci tun kafin kiran assalatu, gidan kaji mai ɗaruruwan kaji a tsakiyar gidaje, gidan biki da ke toshe titi duk ƙarshen mako, mai bene da ya buɗe taga tana leƙen tsakar gidan wani. Waɗannan ne abin rubuta wa doka, gajeriya, da Hausa, a karanta ta a masallatan Juma'a da rediyo. Dubagari kuma a dawo masa da martabarsa, da babur da mai, ba a bar shi a ƙarƙashin bishiyar sakateriya yana jiran ƙarshen wata ba.

Sai masu unguwanni da dagatai, Allah ya ƙara musu girma. Tun bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da ya kawar da En'e, an raba sarauta da ikon gudanarwa, amma har gobe cinikin fili a garin nan ba ya kammala a idon mai saye sai da sa hannu da hatimin mai unguwa. Ma'ana, shi ne mutum na farko da ke sanin za a yanka gona, tun kafin injiniyan jiha ya ji labari. Masarautar Daura ta haɗa ƙananan hukumomi biyar, Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango, kuma garin ya riga ya fara miƙa ƙafa zuwa ƙasar maƙwabtansa. Umarni ɗaya daga fada, tare da ciyamomin nan biyar, cewa kada a buga hatimi a takardar fuloti sai an ga zanen gonar gaba ɗaya, da faɗin hanyoyinta, da abin da aka ware wa jama'a, zai yi aikin da katafila goma ba za su yi ba. Ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Zai rage wa dillali fuloti biyu ko uku a kowace gona, zai kuma rage wa wasu masu hatimin abin da suka saba samu, kuma a nan ne za a ji ƙorafin. Da zarar an cire amfanin gona a bana, fegi zai sake fitowa a gonakin hanyar Kongolam da hanyar Kano, don haka idan za a yi, kafin kaka ya kamata a yi.