Takardun da Inna ba ta da su

Ranar Litinin da ta biyo bayan sunan 'yata na kai wa abokan aikina a nan Burusel ɗan dabino da goro, sai wata daga cikinsu, 'yar Beljiyam mai kirki wadda ba ta nufe ni da komai ba, ta tambaye ni abin da ya hana mahaifiyata zuwa ganin jikarta. Ban kai ga ba ta amsa ba ta shiga ba ni labarin hutunta na makon jiya a Marakesh: ranar Alhamis ta ga tikiti mai araha a wayarta, ranar Asabar ta hau jirgi da jaka ɗaya da fasfonta, domin Maroko ba ta neman biza daga ɗan Beljiyam da ziyararsa ba ta wuce kwana 90 ba. Na yi murmushi na ce mata Inna ba ta son sanyi. Wannan amsar ta tsaya mini a rai har yau, domin ba sanyi ne ya hana ta zuwa ba.

Beljiyam tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka yi yarjejeniyar buɗe iyakokin da ke tsakaninsu, wanda ya samo sunansa daga wani ƙauye na Luksamburg inda aka sa hannu kan yarjejeniyar a 1985, kuma a yau ƙasashe 29 ne a cikinsa. Ɗan Nijar da ke son ziyara sai ya nemi bizar ɗan gajeren zama, wadda ba ta ba shi damar wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Tun watan Yunin 2024 kuɗin neman bizar Yuro 90 ne, wato kusan jika 59 na sefa, kuma ko an ba ka ko an hana ka, kuɗin ba ya dawowa. Ana so fasfo ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar komawa, da shafi biyu da ba a buga wa hatimi ba, ana son inshorar lafiya da za ta iya biyan Yuro 30,000, ana ɗaukar hoton yatsu goma, sannan ni mai masauki in je ma'aikatar magajin garin unguwarmu in sa hannu cewa na ɗauki nauyin zamanta da lafiyarta da kuɗin mayar da ita gida. Duk wannan na shirya masa, har na fara tara kuɗin tun matata tana da cikin wata huɗu.

Inda magana ta tsaya shi ne shaidar cewa mai neman bizar zai koma ƙasarsa. Hanyar da aka saba nuna wannan ita ce takardar albashi, da bayanan asusun banki na watannin baya, da takardar mallakar gida ko fili. Na kira Yaya a Tawa muka bi jerin ɗaya bayan ɗaya, yana karantawa yana dariya, har dariyar ta ƙare. Inna ba ta taɓa buɗe asusun banki ba. Dukiyarta rumbun hatsi ce, da awaki, da gonar albasa da ta gada wadda kowa a karkarar ya san iyakarta ba tare da takarda ba, da adashen da take riƙe wa matan unguwa shekara da shekaru. Ko takardar haihuwa ba ta da ita, sai an je kotu da shaidu an yi mata. Matar da ba ta iya kwana biyu a Yamai ba tare da ta fara tambayar wa ya ba awakinta dusa ba, ita ce ake so ta tabbatar a rubuce cewa ba za ta maƙale a Turai ba. Ba mu ma kai takardun ba, balle a ce an hana ta.

Abin da ke ƙara mini ciwo shi ne yadda nake ganin iyaka a nan. Daga tashar jirgin ƙasa ta kudancin Burusel mutum yana shiga jirgi da kofin kofi a hannu, ya zauna a kujera mai laushi kusa da taga, yana kallon gonaki da coci-coci suna wucewa, kafin awa ɗaya da rabi ya sauka a Faris, kuma sau da yawa ba wanda zai tambaye shi ko da katin shaida. Abin da kawai ke gaya maka ka shiga wata ƙasa shi ne saƙon da kamfanin waya ke turo maka. Yaran makaranta suna zuwa Holan yawon buɗe ido da safe su dawo da yamma. Wannan sauƙin na 'yan cikin gida ne, an kuma gina shi a kan tsananin da ake yi wa na waje.

Ba zan ce mu ba mu da namu ba. Bature ma sai ya nemi biza da katin allurar shawara kafin ya shiga Nijar, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar Ƙonni zuwa Illela ya san yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ba ta hana a sauke fasinja a shinge ba, tun ma kafin Nijar da Mali da Burkina Faso su fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025. Na kuma san akwai waɗanda suka shigo Turai da bizar ziyara suka ƙi komawa, wasunsu ma muna gaisawa a masallacin Juma'a. Amma Baturen da ya je kallon raƙuman dawa a Kure ko masallacin Agadas ba a sa shi ya rantse da dukiyarsa cewa ba zai zauna ba, kuma idan ya biyo ta ƙofar gidanmu a Tawa, Inna za ta shimfiɗa masa tabarma ta dama masa fura kafin ta san sunansa. Mu mutanen Adar ba baƙin tafiya ba ne. Iyayenmu sun yi ci-rani a Abijan shekaru da dama, kuma galibinsu da damina ta kusa sai su kamo hanyar gida.

A Tawa aka yanka ragon suna, mu kuma muka yi addu'a a falon gidan haya mu goma sha biyu, muna rage murya saboda maƙwabta. Sunan Inna aka sa wa yarinyar, don haka muke kiranta Ummi. Da Yaya ya miƙa wa Inna waya ta daɗe tana kallon fuskar jaririyar ba ta ce komai ba, sannan ta ce, ba tare da ta ambaci sunana ba kamar yadda ta saba, "Kai, a riƙa gasa mata cibiya da kyau." Na roƙi Yaya ya fara neman shaidun da za su raka ta kotu domin takardar haihuwar. Ta aiko cewa a bari sai an cire albasa.