Kusurwa Ɗaya Tak

Ranar da na cika shekara 47 babu wanda ya tuna sai gwiwata. Na sunkuya zan ɗaure igiyar takalmi, ta yi wata ƙara har sai da matata ta leƙo tana tambaya ko kujera ce ta karye. A satin ne kuma likita ya auna jinina, ya dubi na'urarsa, ya dube ni, ya ce, "Malam, idan ka tashi daga aiki me kake yi?" Na ce tunanin aikin gobe. Ya ce in nemi abin da zai ɗauke mini hankali ko na rabin awa ne a rana, ban da waya, ban da labarai.

Gudu dai gwiwa ta riga ta kaɗa ƙuri'arta. Furanni kuwa na taɓa shukawa, na kashe su da yawan ban ruwa. Sai na sayo ɗan akwatin nan mai launi shida da ake murɗawa, Rubik's Cube, ina ganin abin da yara ke yi suna hira ai ba zai gagari mai furfura ba.

Sai da na hargitsa shi sarai sannan na karanta tarihinsa. Ashe wanda ya ƙirƙiro shi a 1974, Ernő Rubik, malamin zanen gine-gine a ƙasar Hangari, shi kansa sai da ya kwashe kusan wata guda kafin ya mayar da launukan mazauninsu. Mai abu ke nan fa! Yawan yadda zai iya hargitsewa kuwa, ka rubuta 43 ka jera mata sifili 18, da sauran ɗoriya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a 2010 masana sun tabbatar da taimakon kwamfuta cewa komai rikicewarsa, murɗa 20 ta isa a gyara shi. Ni nakan yi ashirin ɗin tun kafin in gyara zama.

Sati na farko ido ne ya ci amanata. Idan mutum ya haura arba'in, ƙwayar ido takan rage laushi, sai na kusa ya riƙa yin dishi-dishi. Takardar bayanin sai na miƙe hannu iya tsawonsa nake ganin rubutunta, a hasken dare kuma ja da ruwan goro suka zama 'yan uwa ɗaya. Na yi kwana biyu ina murnar na haɗa gefe guda, sai babban ɗana ya wuce ya ce, "Baba, launi biyu ne a nan." Na tashi neman tabarau, na birkice ɗaki, yana bisa kaina.

Amma gaskiya ɗaya ce, abin ya kama ni. Na gane cewa yankin da ke tsakiyar kowane gefe ba ya barin wurinsa, shi ne ke faɗa maka launin gefen. Na koyi fara yin alamar tarawa da farin launi, in cika layin ƙasa, in hau na tsakiya. Rabin awar likita ta zama ƙarfe ɗayan dare. Wayata ta yi kwana uku ba caji ban sani ba. Wani dare matata ta farka ta tarar da ni ina ƙirga "dama, sama, dama, ƙasa" a duhu, ta ce, "Baban yara, likitan nan cewa ya yi ka rage tunani, ko ka canza masa wuri?"

A sati na uku komai ya zauna, saura kusurwa ɗaya. Tana wurinta daidai, ta dai juya fuska kamar mai fushi da maƙwabta. Na rushe, na sake ginawa, ta dawo. Na sake, ta dawo. Dare goma sha ɗaya ina fama da ita. Na zargi takardar, na zargi tsufa, har na fara tunanin ko lokacin auna ƙwaƙwalwa ne ya yi.

Da na ajiye girma na kai wa ɗan nawa, kallo ɗaya ya yi masa.

"Baba, wannan ko shekara za ka yi ba zai haɗu ba. Kusurwa ɗaya ba ta juyawa ita kaɗai, sai in an murɗe ta da hannu."

Ya sa babban yatsa ya murɗa ta, ƙas, shi ke nan. Muka juya gaba ɗaya muka dubi 'yar autarmu, wadda ta tsura wa bango ido kamar yau ta fara ganinsa. Da ƙyar ta ce faɗuwa ya yi tun ranar farko, yanki ya fita, ta mayar.

Na ajiye shi a kan tebur, launi shida cif, na shiga ɗaki neman caja don in ɗauki hoto in kai wa likita. Ko da na fito yana hannunta, a hargitse.

"Baba, na ga kana son yi ne," in ji ta.