Ba kowace waƙa ce ta hau intanet ba

Ban yarda da abin da wani labari da na karanta ya ce ba, wai tara kaset da faifan garmaho ya zama ɓata lokaci tunda an zuba komai a YouTube. Waƙoƙi da yawa da Mamman Shata ya rera kafin rasuwarsa a 1999 a wuraren biki da naɗin sarauta aka ɗauke su da rakoda, kuma da dama daga cikinsu suna hannun ɗaiɗaikun mutane har yau. Ta hanyar tara kaset ɗin nan na samu aminina a zangon Kumasi, wanda ban taɓa gani da idona ba. Fataken goro da ke sauka nan Agege su ne suka riƙa kawo mini kaset daga wajensa, ni ma in kwafa masa nawa in aika, kowane da ɗan rubutu a jikinsa na sunan garin da aka yi wasan da wanda aka yi wa waƙar. Da wasiƙa muka fara, daga baya muka koma waya, kuma shi ne ya gargaɗe ni cewa danshin Legas yana sa kaset ya yi fumfuna. Allah ya jiƙansa, da ya rasu iyalinsa ba su san darajar akwatunan da ya bari ba. Malam da ka ce wannan aikin marasa abin yi ne, idan irin waɗannan akwatuna suka lalace, daga ina za a samo abin da za a ɗora a intanet ɗin?