Ƙannena 'yan ajin ƙarshe, ku daina sayen kundin digiri

Makon jiya na shiga wani shagon kwamfuta a nan Gombe zan buga takarda, na tarar da wani ɗalibin kimiyyar ƙasa suna ciniki da mai shago. Kundin kammala digiri yake saye. Aka buɗe masa na wani da aka rubuta a kan wata jihar kudu, aka goge sunan garin, aka sa Gombe. Ko sunan kogin da ke babi na uku ba su taɓa ba. Yaro ya biya, har da "Allah ya saka da alheri".

Haba ƙanena! A jihar da ake fasa dutsen siminti a Ashaka, ake haƙar kwal a Maiganga, aka kuma ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani da ke kan iyakarta da Bauchi a 2022, kai mai karatun duwatsu ka rasa abin bincike? To bar waɗannan, dubi kwazazzaban da ke cin gidajen mutane a cikin gari duk damina. Auna faɗin guda ɗaya kafin ruwa ya sauka, ka koma bayan kaka ka sake aunawa, ka ɗebi ƙasar wurin ka gwada. Igiyar awo da littafi da haƙuri sun ishe ka farawa.

Na san me za ku ce: ɗakin gwaji ba kaya, wuta ba ta zama, malami mai duba aiki ba ya samuwa. Gaskiya ne, mu ma mun sha. Amma ba kowane bincike ne yake jiran na'urar miliyoyi ba.

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno, ɓera ke yaɗa shi, kuma maƙwabtanmu na Bauchi suna cikin waɗanda ya fi addaba, musamman da rani. A ce ɗalibar nazarin halittu ta bi yadda ake shanya hatsi da adana shi, ɗan lissafi ya ɗauki alƙalumanta ya fitar da yadda cutar ke hawa da sauka. Ai an yi aiki biyu.

Ku kuma 'yan kwamfuta, ku ne kuka fi ba ni haushi. Kowace shekara sai manhajar rajistar ɗalibai, kamar an yi muku wasiyya. Ga Hausa nan, miliyoyin mutane suna rubuta ta a waya ba lanƙwasa, "ƙasa" ta koma "kasa", "ɓata" ta koma "bata", na'ura ta rikice. Wa zai koya mata bambancewa in ba ku da kuka sha harshen a nono ba? Tara jimloli dubu biyu masu tsabta ma aiki ne da wani zai ɗora a kai.

Shi kuwa mutumina na shago, ranar kare kundi tana tafe. Idan malamin da aka gayyato daga waje ya ce ya nuna masa kogin nan a taswirar Gombe, ina jiran in ji unguwar da zai nuna.